Ƙararrawar Ɗakin Baya

Théophile, tsohon ma'aikacin tarho da ake kira Shef, bai ko dubi kwamfutar ba. Ya ajiye jakarsa ta fata a kan benci, ya jera kayan aikinsa bisa tsarin da aka koya masa tun zamanin da Faransawa ke horar da ma'aikatan tarho: filaya, sukudireba, ma'aunin wuta, sannan wayar gwaji mai maƙalai biyu.

Shagon na Akossiwa ne, mace mai kaifin harshe wadda ta sayar da rumfarta ta atamfa a babbar kasuwar Lome, ta mai da falon gidansu na unguwar Bè wurin aika saƙon intanet. Amma modem, akwatin nan da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya ƙi ba ta haɗin kai. Zai buga lamba, ya yi kukansa mai kama da na ƙarfe a kan dutsen washi, ya kusa kamawa, sai ya yanke. Samarin injiniyoyi sun zo sun sauya akwatin, sun ɗora laifi a kan gishirin teku, sun tafi. Matan da mazajensu ke Jamus sun fara komawa wani shago a bakin titi. In aka ƙara mako a haka, Akossiwa ba ta da rumfa, ba ta da shago.

"Allah ya sani, da akwai wani a garin nan da ban aika maka ba," in ji ta.

"Na sani."

Ba ta kawo masa ruwan da ake tarar baƙo da shi ba. Shi ma bai jira ba.

Tun da ya yi ritaya mutane ke kiransa in aiki ya gagari yara, kuma bai taɓa barin layi da cuta ba. Wannan ne kaɗai abin alfaharin da ya rage masa. Matarsa Zénabou, 'yar garin Sokodé da ke can arewa, ta rasu tuntuni, bayan ta yi zaman aurenta duka ba tare da dangin miji sun buɗe mata ƙofa ba. A bakin kabarinta ya yi wata rantsuwa, kuma shi mutum ne da ba ya warware abin da ya ƙulla.

Ya fara daga sandar titi, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Waya lafiya lau. Ya zagaya bayan madafa, ya ɗaga wani tsohon kwano da ya rufe akwatin rarraba layi, ya buɗe. Tsatsa ta ci murfin, amma ƙullin da ke ciki na nan daram, an murɗa shi tsaf an naɗe, aikin wanda ya san hannunsa. Daga nan layin ya rabu biyu: sabuwar farar waya ta nufi falo, tsohuwar baƙa ta bi gindin bango zuwa ɗakin baya.

Ya maƙala wayar gwaji, ya kara a kunne.

"Buga," ya ce da ƙarfi.

Akossiwa ta buga. Cibiyar tarhon unguwar tsohuwa ce, har yanzu da ƙwanƙwasa take karɓar lamba. Duk ƙwanƙwasar da modem ya yi, sai wata ƙararrawa a can cikin gida ta amsa a hankali, ƙil, ƙil, ƙil. Tsofaffin tarho masu ƙararrawar tagulla haka suke yi in wani ya buga lamba a layin da suke kai. Samarin ba su san wannan ba, domin ba a haife su ba lokacin da ake sa irinsu.

Modem ya fara kukansa. Sai aka ji ƙas, an ɗaga kan tarho. Numfashi mai nauyi ya shigo layin, sannan muryar tsohuwa, tana rawa.

"Alo? Komlan? Kai ne? Yi magana da ƙarfi, ɗana, layin naka da hayaniya."

Haɗin ya yanke.

Akossiwa ta fito ta tsaya a kansa, ta riƙe ƙugu.

"To, Shef, ka ji da kunnenka? Dada ce, tsohuwar gidan nan. Idonta ya tafi, ƙafa ta tafi, kunnen ne kawai ya ƙi mutuwa. Tarhon na gefen gadonta. Na ɗauke shi sau ɗaya, ta ƙi cin akume, tuwon masararta, kwana biyu."

"Kin san ita ce, kika bar yara suna sauya akwati?"

"Na sani mana. So nake ka ji."

Bai ɗago ba.

"Gyara iri biyu ne," ya ce. "Ko a raba ta da layin, ko ta daina ɗauka."

"Ka san abin da zai sa ta daina ɗauka. Maganin yana hannunka, ba sai ka buɗe jaka ba."

Ya sa ta sake bugawa. Ƙararrawa ta yi ƙil, ƙil. Aka ɗaga. Muryar ta dawo, wannan karo da lallashi, kamar mai kiran yaro ya fito daga ƙarƙashin gado.

"Komlan, ko ba za ka ce komai ba, kar ka ajiye. Ina jin numfashinka."

Bakin wayar gwajin yana daf da leɓensa, maɓallin magana yana ƙarƙashin babban yatsansa. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya cire maƙalan, ya ɗauki filaya, ya datse baƙar wayar daidai gindin ƙullin, ya naɗe bakinta da kyau yadda ruwa ba zai shiga ba, ya jefa guntun da ya yanko a aljihu.

A falo modem ya yi kuka, ya kama, ya zauna. Akossiwa ba ta yi murna ba. Ta tofar da yawu a gefen takalminsa, ta shige ciki.

Ya mai da kayansa jaka, kowanne a gurbinsa. A ɗakin baya tsohuwa na ta kiran suna a cikin mataccen tarho. Komlan Théophile, wanda ya rantse ba zai sake yi mata magana ba, ya wuce ƙofar bai waiwaya ba, a aljihunsa da guntun wayar da shi da kansa ya ja wa mahaifiyarsa, mako guda kafin ya kawo mata Zénabou ta gani.