Kunya a Hanyar Mota

Tunda ka kawo zancen maƙwabcinka da sabon abin hawansa, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mutum a wani ƙauye mai nisa da bakin titi, yana da amalanke da bijimai biyu. Shi ne motar garin. Ranar kasuwa tun da sassafe ƙofar gidansa take cika: mai buhun gero, mai akuya, tsohuwa da ƙullin kuka, kowa sai ya rusuna ya gaishe shi kafin ya hau. Wanda ba zai je ba ya ba da saƙon gishiri ko kananzir. Abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, amma gaisuwar nan ta fi masa tuwon dare daɗi. Hanyar ma tasa ce, don ta tsakiyar gonarsa ta ratsa, kuma ƙafafun amalankensa ne suka fasa ta.

Ana nan sai maƙwabcinsa, katanga ɗaya, wanda shekara da shekaru a ƙarshen amalanken yake zama yana lilo da ƙafa, ya tafi cin rani ya dawo da wata tsohuwar a-kori-kura. Mota dai ga ta nan, sai an tura take tashi, ƙofarta ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta. Amma mota mota ce. Tafiyar da shanu ke yi daga hantsi zuwa azahar, ita kafin ka gama cin goro ta kai. Jama'a suka koma ƙofa ta gaba. Su wuce mai amalanke yana ɗaura wa shanu karkiya, su ɗaga masa hannu daga tsaye, su yi gaba. Tsohuwar mai kuka ta fi kowa ƙona masa rai, ita da ya sha ɗauka kyauta. Ba rashin fasinja ne ya dame shi ba, Allah ya sani, ciki ne kawai ya ƙi ɗauka. In motar ta yi hon sai ya ji kamar a haƙarƙarinsa aka busa. In ta ƙi tashi, ya leƙo ta kan katanga yana jin sanyi a ransa, har sai ta tashi.

Da ruwan shuka ya sauka sai dabara ta faɗo masa. Ya ɗaura garma ya huɗe hanyar nan tas, kunya bayan kunya, ya shuka dawa a kai. Dattawa suka zo suna ba shi baki, ya ce gonarsa ce ta gado, shi ya fasa hanya, shi ya rufe. A tunaninsa, amalanke zai bi ta gefen fadama, inda mota in ta shiga sai an haƙo ta, kafin dawa ta kai gwiwa mutane sun dawo masa da gaisuwarsu.

Mai mota kuwa sai ya juya kan motarsa gabas, ya bi burtalin shanu ta kan tudu, zagaye mai nisa, yana ƙunƙunin man da zai ƙone. Ashe a tudun nan akwai rugage da ƙananan ƙauyuka da mota ba ta taɓa tsaya musu ba. Mata suka fito da ƙwaryar nono a ka, masu albasa suka fito, masu majinyaci suka fito. Motar da sai ranar kasuwa take tashi ta koma tashi kullum. Ga shi wurin jigawa ne, ba ya riƙe ruwa. Da marka ta kankama, lokacin da tsohuwar hanya kan zama taɓo ta zaunar da kowa a gida, shi ko sau ɗaya bai kafe ba. Shekara na zagayowa motar ta yi ƙanwa. Tasha ta koma gabas, gindin wata ɗorawa, mai shayi ya kafa tebur, mai ƙosai ta ɗora kasko. Ƙofar gidan mai amalanke da take gaban gari ta wayi gari ta zama bayan gari, ba mai bi sai awaki. Dawar da ya shuka a kan hanyar ma ba ta yi abin kirki ba, don ƙasar ta daɗe da taurara.

Sai wata safiya saƙo ya iso cewa yayansa da ke wani gari can bayan titi ya rasu, za a kai shi kafin azahar. Ya dubi shanunsa, ya dubi rana. Shanu ba za su kai ba. Ya sa hula ya ratsa gari da ƙafa zuwa gindin ɗorawa, yana fatan ya samu lungu a bayan mota tsakanin buhuna, inda ba mai ganinsa. Ina! Maƙwabcin na hango shi ya taso da sauri, ya yi masa ta'aziyya, ya kwance igiyar ƙofa ya zaunar da shi a gidan gaba, mazaunin manya. Suka hau tudu. A kowace ruga hannuwa a sama ana tsai da mota, ana gaishe da direba, kuma daga gidan gaba babu abin da ke ɓoye wa ido. Can direban ya juyo, zuciya ɗaya, ba gatse ba habaici, ya ce, “Wallahi Malam, duk ranar da na biyo nan sai na sa maka albarka. Da ba ka yi huɗar nan ba, da har yau ina can ina kafewa a taɓo.”

Mai amalanke ya kau da kai gefe. Hawayen da suka zubo masa kuwa, direban ya ɗauka duk na yayansa ne, ya yi ta ba shi haƙuri har suka kai titi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.