Baƙin Zane a Dasashi

"Ka karya masa hannu, ka farfasa kwalaben gwajinsa, aikin gadi ya zama naka," in ji mai masana'antar narka batir.

"Hannu ɗaya ko biyu, ranka ya daɗe?" Gatari ya tambaya yana dariya.

Likitan da ake nufi shi ne mai bin unguwa yana ɗibar ruwan rijiya da jinin yara, don ya gano abin da ke sa su jijjiga suna mutuwa. Da rana tsaka Gatari ya tare shi a lungu. Ya sauke masa rodi a hannun dama, ƙashi ya ce ƙas! Ya tattake akwatin gwajin, jinin yara ya gauraye da na likita. Ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya yage baki yana huci.

Maimakon ihu, likita ya ƙura wa bakin ido, yadda ya saba yi wa kowane majinyaci.

"Ɗan'uwa, baƙin zanen nan na dasashinka gubar dalmar batir ce. Kai da wa kuke shan rijiya ɗaya?"

Rodin ya suɓuce. "Ni da 'yata."

"Maganin gubar, ta jijiya ake sa shi. Ka karya hannun da zai nemo jijiyarta."

Mai masana'anta ya ci riba, hayaƙinsa bai tsaya ba. Likita ya yi asarar hannu. Babbar asara ta Gatari ce, da ya saɓi likita a kafaɗa ya nufi asibiti a guje, yana roƙon Allah ƙashin ya ɗoru kafin yarinya ta fara jijjiga.