Ɗigon Baƙin Mai a Ƙofar Gida

Kai da bakinka ba ya rabo da "sai gobe", zauna ka ji abin da ya sami wata mata a hannun mijinta. Mijin yana da tsohuwar akori-kura da yake kai albasa kasuwannin ƙauye, kuma mutum ne mai ji da kansa a kan ya san mota, bai yarda wani makanike ya sa mata hannu ba. Wata safiya matar tana sharar ƙofar gida ta ga ɗigon baƙin mai a inda motar ke kwana. Ta gaya masa. Ya durƙusa ya leƙa, ya ce ba wani abu ba ne, ɗaya daga cikin tiyo biyun nan ne da ke kai man inji gaban lagireto don iska ta sanyaya shi, ya ɗan tsage kusa da noti. Aikin rabin awa ne, in ji shi, ranar da ya sami sarari zai yi. Ɗigon da ya fara kamar kwabo ya kai faɗin faifai, daga faifai ya doshi tabarma. Kaji suka riƙa takawa suna shigo mata da shi har bakin murhu. Ta yi magana da lallashi, ta yi da faɗa, har ta gaji ta yi shiru. Shi kuwa kullum sai ya ɗura mai daga galan, ya tayar, ya kama hanya. Haka aka ci wata uku.

Ran nan, wata Juma'a da sassafe, yayanta ya bugo waya daga garinsu, tafiyar awa huɗu, ya ce jikin Inna ya tsananta, tun asuba sunanta take kira. Ta figi mayafi da jaka za ta tasha, don mota ɗaya ce ke zuwa can kai tsaye, kuma da hantsi take tashi. Mijin ya tare ƙofa ya ce ina aka taɓa yi, yana da mota matarsa ta shiga ta haya, mutane su ce me? Ya murza makulli. Injin na ɗauka tiyon ya fashe gaba ɗaya, baƙin mai ya yi tsartuwa ya malale ƙasa. Ya ce ta ba shi rabin awa. Ya ɗaga motar da jak, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Notin ya ci tsatsa ya ƙi motsi. Sifana ta zame ta cinye gefen notin, shi kuma ta kwashe masa fatar yatsu. Ya zuba kananzir, ya buga da guduma, ya zagi wanda ya ƙera motar. Da notin ya yarda ya juya, sai ya murɗe bakin bututun ƙarfen da tiyon ke haɗe da shi. Ya yanke inda ya tsage, tiyon ya gajarce ya ƙi kaiwa. Ya naɗe shi da robar tayar keke, ya ɗaure da waya, ya juye sauran man da ke galan, ya tayar, man ya sake feshe masa fuska. Ita tana zaune a kan jakarta a rana, wayar na ta ƙara a hannunta. Duk sanda ta miƙe, sai murya ta fito daga ƙarƙashin mota: saura kaɗan. Ya hau acaɓa zuwa cikin gari neman sabon tiyo, ya tarar masu kayan mota sun rufe sun tafi masallaci. Da ya dawo hannu wofi, ba ta ko dube shi ba, ta saɓi jakarta ta fita. Motar garinsu ta daɗe da tashi. Sai da ta sauya mota uku, a ta ƙarshe ma a kan buhunan gishiri ta zauna. Tana sauka dab da magariba, ta ci karo da maza suna dawowa da fartanya a kafaɗa, biyu daga cikinsu suna ɗauke da makara ba kowa a ciki. Yayanta ya ce sun jira ta har inda za a iya jira.

Washegari sai ga mijin ya zo gaisuwa, motar na tafiya lafiya lau ba ɗigo ko ɗaya. Ashe bayan fitarta ya haɗiye girman kan ya kira makanike, mutumin ya zo da sabon tiyo da washa biyu, kafin a dafa shinkafa ya gama. Aka yi masa iso, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi, a gaban ƙannen uwarta da kowa, ta ce:

"Mutuwar Inna ta Allah ce, Malam, ban ja da ita ba. Rashin ganinta kuwa naka ne."

 Sun ci gaba da zaman aure, amma har ya sayar da motar nan ba ta ƙara sa ƙafarta a ciki ba.

To ka ji. Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.