Kuɗin da Suka Ƙetare Rafi

Tunda ka ce yanzu garinku ake yayi, har kana tausaya wa mutanen ƙetare, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wasu garuruwa biyu da rafi ya raba, ɗaya a kan tudu, ɗaya a kwari. A garin tudu akwai wani manomi mai gonar gado, baƙar ƙasa ce da iyaye da kakanni suka yi shekara da shekaru suna zuba wa taki, ko damina ta yi gardama ba ya rasa abin sa wa a rumbu. Ana nan sai aka tsinci zinariya a bayan garin. Kafin wata ya zagayo baƙi sun cika ko'ina, injinan niƙa dutse sun hana kowa jin maganar wani, mai shayi ya yi rufin kwano, masu ga-ruwa sun hau babura. Sai mahaƙa suka zo wa manomin nan da magana: jijiyar zinariyar ta bi ta ƙarƙashin gonarsa, in ya bar su suka haƙa, a duk buhu uku na dutse, ɗaya nasa ne. Ya amince. Abin da ya fi ba ni haushi, ko cewa bai yi ba a kwashe baƙar ƙasar sama a tara ta gefe guda. Haka suka yi ta fito da jar marmara daga rami suna binne baƙar ƙasar da ita, yana tsaye yana murna. Ya kuwa samu, ba ƙarya. Ya sayi babur, ya daina cin tuwo in ba nama a kai. Akwai mijin ƙanwarsa da ke zaune a kwari, kullum yakan ƙetaro da jakuna ɗauke da dawa da albasa da tattasai. In manomin ya gan shi sai ya bushe da dariya ya ce, "Har yanzu kana nan kana bin bayan jaki?" Shi kuwa sai ya ce, "Ina nan, Yaya. Masu rami ai ba dutse suke ci ba."

Abin da mutumin tudu bai lura da shi ba shi ne, garin da kowa ya jingine fartanya, ko ganyen miya sai an saya. Kuɗin da aka fito da su daga rami da hantsi, kafin la'asar sun hau jaki sun ƙetare rafi. Mutanen kwari ba su yi hayaniya ba. Suka ƙara rijiyoyi a fadama, suka sayi injin ban ruwa da shanun huɗa. A shekara ta uku jijiya ta ƙare, aka ji ta ɓulla a wani daji can gaba, baƙi suka naɗe tabarminsu suka bi ta, ko sallama babu. Da ruwan shuka ya sauka manomi ya ɗauki iri ya nufi gona, ya tarar da ramuka cike da ruwa da tsibin marmara wadda ko ciyawa ba ta kama. Ya shuka a ɗan tsakanin ramukan, gero ya fito ya yi ja, ya tsaya iya gwiwa. Akuyarsa ma a ɗaya daga cikin ramukan ta faɗa ta mutu. Babur ya tafi wajen sayen hatsi. Da wata daminar ta matso, rumbu wayam, iyali sun zuba masa ido, sai ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya ƙetare rafi da ƙafa. Ya yi sallama a ƙofar mijin ƙanwarsa, ya sunkuyar da kai ya roƙi aron gona. Mutumin bai tuna masa da komai ba. Ya ba shi gonar, ya haɗa masa da aron jakin da zai riƙa kai taki.

Don haka in samu ya sauka a garinku, ka ci, amma kada ka bari a binne maka baƙar ƙasa, kada kuma ka yi wa na ƙetare dariya. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.