Ƙadangarun Kansila

"Ko bulo ɗaya ba za a aza a filin nan ba!" Kansilan unguwarmu ya daki tebur har shayin shugabar majalisa ya fantsama.

Gwamnati daga Landan ta yanka wa ƙaramar hukumarmu gidaje ɗari huɗu da za ta gina, fili kuwa babu sai makiyayar tumakin da ke bayan lambunsa.

"To a ina za mu gina, ranka ya daɗe? A kan hularka?" in ji shugabar.

'Yar kansilan ta miƙe daga cikin 'yan kallo. "Baba, da aurena da goyona, har yau a ɗakin yarintata nake kwana!"

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce ai kududdufin filin cike yake da ƙadangarun ruwa, irin waɗanda doka ta hana a taɓa mazauninsu. Bai yi ƙarya ba, don shi da kansa ya kwaso su a bokiti ya juye a ciki.

Da bazara masu bincike suka zo, suka lalube kududdufin kaf, ko wutsiya ba su gani ba. Ashe bayin Allah sun bi ta ƙasan shinge sun tare a ɗan tafkin lambunsa, inda ruwa ya fi tsabta.

Aka gina gidajen, 'yar ta samu nata. Tafkin kansila kuwa hukuma ta killace shi, ko ciyawar bakinsa bai isa ya yanka ba.

Matarsa ta miƙa masa shayi. "Haƙuri za ka yi, maigida. Su ma matsalar gida ce ta kawo su."