Uwar Lauya

Baiwa tana gyaran kifi a tsakar gidanta a Argungu sa'ad da rediyon maƙwabta ya ce Lauya Labbo ya ci kujerar majalisar dokokin jiha. Unguwa ta kaure da guɗa. Ita ko kai ba ta ɗaga ba, sai da wuƙa ta yanke mata yatsa.

Ta san inda murnar za ta tare: gidan yayarta Riskuwa, a Nasarawa ta Birnin Kebbi. Tun da yaron ya dawo daga karatu da baƙar rigar lauyoyi, sunan Riskuwa ya ɓace, kowa sai Uwar Lauya. Da ya ƙwato wa manoman Augie fadamarsu a kotu, can aka sauke buhunan shinkafar godiya. Da hali ya samu, ita ya fara kaiwa Makka, ta dawo da haƙorin zinariya, ba ta ƙara rufe baki ba. Samarin da ke gaban Baiwa kuwa albasa suke nomawa.

Baiwa ba ta taɓa kama sunan Labbo ba, iyakarta "wancan yaron". In ya zo gaisuwar sallah, daga bayan labule take amsawa a gajarce. Mata suna cewa kishin yayarta ne ke cinta, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Ranar walima ta ce kanta ke ciwo. Mijinta Maigandi ya ce ko da ciwon sai ta je, kada dangi su sami abin faɗi.

Ta tarar da gidan maƙil. Riskuwa na zaune bisa darduma, mata na layin yi mata barka. Baiwa ta raɓe wajen masu tuƙa tuwo.

Bayan la'asar Labbo ya shigo, ya durƙusa gaban Riskuwa, ya shaida wa jama'a duk abin da ya zama daga hannun wannan baiwar Allah ya fito. Riskuwa ta dafa kansa tana hawaye. A hanyar fita ya hango Baiwa, ya ɗan rusuna.

"Inna Baiwa, an taho lahiya?"

"Lahiya lau," ta ce, idonta na kan murhu. Ya wuce wajen manyan baƙi.

Wata baƙuwa daga Sakkwato da ke gefenta ta taɓo ta. "Ashe ke ƙanwar Hajiya ce? Allah shi ba ki ɗa irin wanga."

Baiwa ta ce amin. Ta ja mayafinta ta nufi tasha tun ba a raba abinci ba.

Ta hau motar Argungu. Tunani ɗaya take juyawa: safiyar da ta yaye ɗanta na fari, ta kwance shi daga bayanta, ta miƙa wa yayarta da Allah bai ba haihuwa ba.