Wasan Da Ban Ci Ba

Yau na ga hanyar kama sarkinta. Taku biyu kacal suka rage.

Manhajar wasan dara ce, irin mai sarki da sarauniya da doki, ɗana ya ƙera ta yana kwance yana jinya. Ba shi da abokin gwaji sai ni, da ko aji huɗu ban gama ba. Kullum ta cinye ni, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

"Umma, kin ɓata mini lissafi. Tunda ba ki taɓa cin ta ba, kwamfuta cewa take ƙarfin manhajar ba iyaka. Ki ci ko sau ɗaya mana, mu san makinta na gaskiya."

Na ce, "Ka warke ka ci abarka."

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Kullum in na share ɗakinsa sai na zauna mun buga da manhajar, har idona ya gaji.

Yau na daɗe ina kallon allon. In na ci, lambar makinta za ta fito, ƙarama, irin ta kowa.

Sai na ɗauki sarauniyata, na ajiye ta a bakin dokinta.